Ranar da Na Kashe wa Kawu Mikro

Kawuna, yayan mahaifiyata, makaɗin gurmi ne. Tun kafin a haife ni yake yi wa 'yan kokawa da manoma waƙa, daga ƙauyenmu da ke arewa da Mayahi har Tasawa, har ƙetaren iyaka wajen Katsina. Bai taɓa rera waƙar wani ba. Duk abin da ya fito daga bakinsa shi ya ƙaga shi, yawanci yana tafe bayan jaki ko yana duƙe a gona. Lokacin da nake karatu a lakwal a Tasawa, in na ji an sa kaset ɗinsa a tasha sai in rage tafiya, ko wani zai tambaye ni in ce kawuna ne. Ba wanda ya taɓa tambayata, amma ina faɗa duk da haka.

Ba shi kaɗai yake yi ba. Yana da mai amshi, wani dogon mutum ɗan Bawdeta mai siririyar murya. Sun haɗu tun suna samari a wurin wata kokawa, ba su sake rabuwa ba. Kawu ya jefa baiti, shi ya cafe ya mayar, kamar masu jefa damman gero cikin rumbu. Faɗa kuwa kullum suna cikinsa, kan taba, kan wanda zai hau jaki, kan wanda ya fi ci in an kawo musu tuwo. Sun kusa shekara arba'in a haka. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da mai amshin kwana biyar, rana ta shida aka kai shi makwancinsa. Kawu ya dawo daga jana'iza ya rataye gurminsa a ƙusa, bai nemi wani mai amshi ba.

Dama zamani ya riga ya fara juya masa baya. Samari suna zuwa Maraɗi su haɗa waƙa da ordinater, wato kwamfuta, masu biki kuma sun gane cewa hayar sono, kayan lasifika, ta fi musu sauƙi da ɗauko makaɗi da ciyar da shi. Kawu ya zama tsohon da ake nunawa daga nesa a ce, ka ga wancan, da can shi ne.

Ni kuwa na yi shekara goma ina koyarwa, shi ya sa Kawu yake kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, rabi girmamawa rabi tsokana. Daga baya na bar alli na shiga wani proje, shirin raya karkara, a Tasawa mai aikin itatuwa. Muna bin ƙauyuka muna roƙon manoma, in sun zo sassabe kada su share tohon da ke fitowa daga kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su bar su su girma. Aikina shi ne tara mutane in yi musu bayani. Sai dai in na buɗe kaye, littafin rubutuna, na fara magana, kafin in kai rabi mata sun koma daka, maza suna ta kallon rana. Wata rana ina dawowa daga irin wannan taro, na tuna da gurmin da ke rataye.

Na same shi a zaure yana tufkar igiya.

«Mushe, kai ne da rana tsaka haka? Lahiya dai?»

Na gaishe shi, na sha ruwa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya har ya saki igiyar.

«Ni da na yi wa maza masu kada maza waƙa, yanzu kututture za ni yi wa kirari?»

Na ce masa aikin alheri ne, kuma zai riƙa samun abin cefane. Ya ci gaba da murza igiya a cinya, sannan ya ce, «To wa zai amsa mini?»

«Kawu, akwai mikro da lasifika. Ba ka buƙatar kowa.»

Ya dube ni, ya koma kan igiyarsa. Bayan kwana goma ya aiko a gaya mini in turo mota.

Shekara uku muka yi tare, kuma zan faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin aiki kamar a lokacin ba. Kawu bai iya karatun boko ba, don haka sai in karanta masa abin da shugabannina suke so a faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara ido a rufe, ya tashi ya tafi gona. In na dawo bayan mako guda, waƙa ta haɗu. Kalmominmu na buro kuwa, irin na ofis, bai taɓa yarda ya sa su a baki ba. Ya ce in ya furta irinsu tsirkiyar gurminsa tsinkewa za ta yi. Sai ya ɗauki abin da na yi shafi biyu ina rubutawa ya mayar da shi labarin wata tsohuwa da ke tafiyar rabin yini neman itacen girki, ko na gawon da ya tsare wa wani mutum geronsa daga iska. Duk kasuwar da muka sauka, da ya taɓa gurmi sai ka ga masu awo sun bar tiya, Fulani sun jingina da sandunansu. A buro aka fara yabona. Rapor ɗina, rahoton aiki, ya yi kyau, aka ƙara mini matsayi.

Na kuma koyi yanke masa waƙa. In ya zarce lokacin da na ba shi, sai in ɗaga hannu in nuna agogo, shi kuma ya naɗe ta nan take. Wata rana a mota ya ce mini, «Mushe, waɗanga waƙoƙi naka ne, ni baki kawai na ba ka aro.» Na ɗauka wasa ne, na yi dariya.

A shekara ta uku ne ya fara cewa yana da wata sabuwa, tasa ta kansa, yana so in ji. Karo na farko muna zaune a gindin wata bedi muna jiran mai gari, har ya ɗauko gurmi, sai salulata ta yi ƙara, shugabana ne, na tashi na bar shi. Karo na biyu a gidana a Tasawa, ina rubuta rapor, na ce ya bari sai na gama, kafin in gama ya yi sallar la'asar ya tafi tasha. Karo na uku ma na tambaye shi, «Ta itace ce?» Ya ce a'a. Na ce to mu bari sai mun samu sarari. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma na manta.

A ƙarshen shekarar aka shirya babban taro a Tasawa don nuna wa manya aikin da muka yi. Perefe, babban mai mulkin yankin, zai zo, da baƙi daga Yamai, da masu gari daga ko'ina. Ni aka ɗora wa tsarin. Na kwana biyu ina rubuta wa kowa lokacinsa a takarda, Kawu na ba shi minti goma, bayan jawabin shugabana, kafin na babban baƙo. An kafa rumfuna a fili, manya a gaba kan kujeru, talakawa a baya a tsaye, mata can gefe cikin rana. Tun da safe abubuwa suke ɓata mini rai: injin wuta ya ƙi tashi, perefe ya makara, baƙon Yamai yana ta duba agogo don yana so ya kama hanya kafin azahar.

Kawu ya fito cikin sabuwar rigarsa shuɗiya, ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa, aka sauke masa mikro daidai bakinsa. Ya yi waƙar tsohuwa mai neman itace. Fili ya ɗauka, mata suna guɗa, perefe da kansa yana kaɗa ƙafa. Na sauke ajiyar zuciya, na ɗaga hannu na nuna masa agogo. Ya gan ni sarai. Sai ya kawar da kai ya ce cikin mikro, «Jama'a, ku ƙara mini haƙuri kaɗan. Wadda kunka ji ta aiki ce. Ga tawa.»

Ya sauya kiɗa, ya koma a hankali, irin tafiyar jakin da ya gaji. Ya ce:

«Abokin tahiya, mun iso Tasawa, sauko mu sha hura.»

Sai ya yi shiru. Yatsunsa suna tafiya a kan gurmi, bakinsa a rufe, idonsa a ƙasa. Shirun ya yi tsawo har na ji wani ya yi tari a cikin manya. Sannan ya ce:

«Ka bar takalminka ɗakina, yaushe za ka zo ka ɗauka?»

Ya sake yin shiru.

Abin da ya zo mini shi ne tsoho ya ɓata, baiti ya kuɓuce masa, yana lalube a gaban perefe da baƙin Yamai. Na ga shugabana ya juyo yana nemana da ido. Na nufi teburin mai sono, wani magidanci da muka saba aiki tare, na ce ya rage. Ya dube ni ya ce, «Mushe, ai bai gama ba.» Na miƙa hannu da kaina na murɗa maɓallin har ƙasa.

Kawu bai gane nan take ba. Bakinsa ya ci gaba da motsi, amma in ban da manyan da ke kujerun gaba ba mai jin komai. Mutanen baya suka fara surutu, wasu suna cewa wuta ta ɗauke. Na yi wa mai gabatarwa alama, ya ɗauki nasa mikro ya ce a tafa wa tsohon makaɗinmu. Aka tafa. Kawu ya ɗago ya dubi mikro ɗin da ke gabansa, ya dubi teburin sono, ya gan ni a tsaye hannuna a kan na'ura. Ya sa gurminsa cikin zanen da yake naɗe shi, ya tashi, ya bi ta bayan rumfa.

Da aka watse shugabana ya kira ni gefe, baƙon Yamai da masu gari biyu suna tsaye kusa. Ya tambaye ni me ya faru da tsohon. Na ce, «Tsufa ne, ranka ya daɗe. Kwanan nan ya fara mantuwa, wani lokaci ma yakan rikice.» Suka yi ta cewa Allah sarki, baƙon ya dafa kafaɗata ya ce na yi dabara. Na nemi Kawu don a mayar da shi gida, aka ce tuni ya shiga motar kasuwa.

Da la'asar muna kwashe kujeru, direbanmu, wani dattijo ɗan Mayahi wanda ya sha kallon kokawa a zamaninsa, ya matso kusa da ni. Ba mai yawan magana ba ne.

«Mushe, in faɗa maka wani abu? Wancan shiru da tsoho ke yi ba mantuwa ba ce. Wurin amshi ne. Shina bar wa marigayi wurinshi.»

Na tsaya riƙe da kujera. Na sake jin baitocin biyu a kaina, na ji inda siririyar muryar nan ya kamata ta shigo. Duk wanda ya tashi da kaset ɗinsu ya isa ya gane, balle ni da na tashi a gaban Kawu. Direba ya ɗauki kujerar daga hannuna ya ɗora a mota.

Da a ce washegari na shiga buro na ce wa shugabana na yi kuskure, da abin ya tsaya nan. Na yi niyya. Na kai har bakin ƙofarsa, na ji yana waya yana ba wani labarin yadda taro ya yi kyau, yana ambaton sunana. Na juya. Na ce wa kaina gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata.

Magana kuwa ba ta jira ni ba. Masu garin nan biyu suka tafi da ita ƙauyukansu, ta shiga kasuwanni. Kafin kaka ta zagayo, kowa a Tasawa ya san cewa tsohon makaɗin nan ya rikice. Har aka ƙara mata gishiri, wai an gan shi yana hira da bango. 'Yan tsirarun da ke gayyatarsa kokawa ko suna suka daina, don ba mai son a ji kunya a gidansa. Proje ma ya ce a hutar da shi, aka ba wasu samari aikin suka yi mana waƙa da ordinater, muna sa ta a lasifikar mota. Ni na rubuta takardar da ta ce a yi hakan.

Shekara biyu ban kwana a ƙauye ba. In na je gaida mahaifiyata da Salla, sai in shiga gidan Kawu lokacin da na san zauren cike yake da mutane, in durƙusa in gaishe shi cikin jama'a, in fito. Yana amsawa lafiya lau, har ya tambayi yara. Inna ce ta tsare ni wata rana a ɗakinta, ta sa ƙafa ta tura ƙofa.

«Mi ka yi wa yayana?»

«Inna, me ya ce miki?»

«Bai ce komi ba, shi ya sa nike tambayarka. Mutum da ke gaya mini ranar da anka haifi kowane ɗa a garin nan, shi za a ce ya rikice? Daga wurinku magana ta hito. Ni na haife ka, na san idonka in ka yi abin kunya.»

Na ce mata aiki ne ya yi mini yawa, zan zo mu zauna. Ta ce, «Kar ka zauna da ni, ba ni ka yi wa ba.» Ta buɗe ƙofa.

Abin da ban sani ba shi ne Kawu bai mayar da gurmi ƙusa ba. Duk ranar kasuwar Mayahi sai ya hau amalanken maƙwabcinsa, ya je ya shimfiɗa buzu a gindin wata tsamiya kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi. Ba wanda ya gayyace shi, ba mikro, ba mai nuna masa agogo. Wanda ya ga dama ya zauna. Da farko mutane suna zuwa ne su ga rikitaccen tsoho, sai su tarar da wani abu daban. A wurin ya ƙaga waƙoƙin da bai taɓa yin irinsu ba, kan rijiyar garinmu ta da, kan matarsa ta fari, kan 'yan kokawar da ya yi wa kirari suna samari yanzu ake jan su da sanda. Wani ya ɗauka da salula, ta bi hannu zuwa hannu.

Ni a motar haya na ji. Motar proje ta lalace, na shiga ta kasuwa daga Tasawa zuwa Mayahi, mun cushe kamar buhuna, ga zafi. Direba ya kunna waƙa. Daga kiɗan farko na gane hannun Kawu. Waƙar da na yanke masa ce. Ana jin kukan awaki a bayanta da muryar dillalai, amma baitocin suna fita tsaf. Duk inda ya yi shiru, motar ma sai ta yi tsit. Wata mata da ke goye ta daina jijjiga ɗanta. Wani Buzu da ke kusa da ni ya ja rawaninsa ya rufe har ido. Waƙar doguwa ce, ta bi duk garuruwan da suka taka tare, da faɗan da suka yi a kowanne. Ban taɓa sanin ta kai haka ba, don baiti biyu kawai na bari ya yi.

Da ta ƙare, wani mai hula a gaba ya ce, «Wai wannan ne anka ce ya rikice?»

Direba ya ce, «Ƙarya ce. Wani ɗan boko ne ya kashe mashi mikro gaban perefe, don ya rufe kunyarshi ya ce tsoho ya rikice. An ce ma ɗan ƙanwarshi ne.»

Matar ta ce, «Ɗan ƙanwa? Kai, duniya.»

Buzun ya juyo ya tambaye ni ko ni ɗan Tasawa ne, ko na san mutumin. Na ce na taɓa jin labarin. Na juya ina kallon gonaki ta taga har muka isa.

Aikin da ya kai ni Mayahi ban yi shi ba. Na hau kabu-kabu na wuce ƙauye. Aka ce Kawu yana gona. An gama girbi, kara ya bushe, na hango shi duƙe a gindin wani ƙaramin kalgo da 'yar wuƙarsa yana rage masa rassa, daidai yadda muke koya wa mutane. Gonarsa ta cika da irinsu, wasu sun fi ni tsawo. Na cire takalmi na durƙusa.

«Mushe, yau kuma ba mota?»

Na ce, «Kawu, na zo neman gafara.» Na faɗa masa duka, maɓallin da na murɗa, da abin da na gaya wa shugabana, da abin da direba ya gaya mini tun ranar, da takardar da na rubuta. Har na motar haya na faɗa. Yana saurare yana goge wuƙa a gefen riga. Da na gama ya zauna a kan kunya ya miƙe ƙafafu.

«Mikro bai dame ni ba,» ya ce. «Na yi waƙa shekara da shekaru babu shi. Abu biyu ne. Na ɗaya, matar marigayi tana wurin ranar. Ni na aika mata Bawdeta na ce ta zo, za ni kira mijinta cikin lasihika duk Tasawa ta ji. Tsohuwa ta hau amalanke tun da sassahe, ta tsaya cikin rana can baya wurin mata. Ba ta ji komi ba, ta koma.»

Ban san wannan ba. Na kasa ɗaga kai.

«Bayan mako guda na tahi da kaina na yi mata a ƙohwar ɗakinta. Ta ji har ƙarshe. Da na gama ta ce waƙa ta yi, amma takalmin nan ba nashi ba ne, nawa ne ya ara ya ƙi maidowa, na manta ne.» Ya yi 'yar dariya. «Ka ga ashe akwai mantuwar kaɗan.»

Ni ban iya dariyar ba. Na ce, «Na biyun fa, Kawu?»

«Na biyun ka san shi. Ni ba ni da gona mai yawa, ba ni da shanu. Kaina kawai gare ni, da shi nike ci, da shi anka san ni. Shi ka ce ya lalace. Rannan na shiga kasuwa na tambayi kuɗin barkono, mai barkono ta dubi na kusa da ni ta ba shi amsa. Da baƙo ya faɗa da sauƙi. Amma in ɗan ƙanwarka ya ce ka rikice, wa zai musa?»

Can ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma in je in gaya wa uwata ya yafe don ta samu ta ci abinci. Ya miƙo mini hannu na tashe shi. A hanyar gida na yi ƙarfin hali na ce ko zai yi mini waƙar in ji daga bakinsa.

«Sau uku na kawo maka ita har gida,» ya ce. «Yanzu tana kasuwa. Ranar kasuwa ina gindin tsamiya, ka zo ka zauna kamar kowa.»

Na je. Na zauna a ƙasa tsakanin wani makiyayi da wata mai fura, wandona na buro yana shan ƙura. Kawu ya gan ni, ya ɗaga mini gira, ya yi waƙar rijiya, ya yi ta 'yan kokawa, ya naɗe gurmi. Na koma mako na gaba, da na gaba. Sau biyar na je. Duk ranar da nake wurin bai yi ta ba, ko da mutane sun roƙa, sai ya ce yau ba ranarta ba ce. Ban sani ba ko horo yake yi mini, ko kuwa ganina ne yake hana ta fitowa. Ban tambaya ba. Daga nan aiki ya janye ni har damina ta sauka, kowa ya koma gona, na ce sai kaka.

Cikin daminar tari ya kama shi, ya ƙi tafiya. Ya warke daga baya, amma muryar ba ta dawo ba. Yanzu in zai yi magana sai ka kai kunne kusa da bakinsa. Gurmin yana taɓawa wani lokaci da hantsi, shi kaɗai, ba waƙa.

Na yi ƙoƙarin gyara abin da zai gyaru. Na je wurin masu garin nan biyu. Ɗaya ya rasu, ɗayan ya saurare ni ya ce ai ya wuce, Allah ya kiyaye gaba. Na nemo lambar tsohon shugabana, wanda tuni aka mayar da shi wata jiha, na kira shi na yi masa bayani tun daga farko. Ya bari na gama, sannan ya ce, «Wane tsoho ke nan?» Na je Bawdeta gidan matar marigayin, ta karɓe ni da fura, ta ce ita ba ta riƙe kowa ba, rana ce dai ta dake ta ranar har ta kwana biyu tana ciwon kai.

Na bar proje bara, na koma koyarwa a wata lakwal kusa da Mayahi. Duk farkon wata nakan je da babur in ɗauki Kawu in kai shi likita a duba ƙirjinsa. Hanyar yashi ce, sai a hankali. Yana zama a bayana ya riƙe rigata da hannu biyu, in mun zo inda yashi ya yi zurfi ya sauka ya taka, ni in tura babur. A layin likita yakan sa in saya masa ƙosai, ya ci biyu ya ba ni sauran. In an gama in mayar da shi, in shiga in gaida Inna, in kama hanya kafin la'asar.